Kurame Da Haƙƙin Aiki: Abin Da Tarihin Amurka Ya Nuna

Gabatarwa

A cikin shekarar 1906 Hukumar Ɗaukar Ma'aikatan Gwamnatin Amurka ta fitar da wata ƙa'ida wadda ta jera irin mutanen da ba za a yarda su zauna jarrabawar shiga aikin gwamnati ba. A cikin jerin nan har da kurame, an sa su layi ɗaya da masu taɓin hankali da masu tarin fuka da masu farfaɗiya. A lokacin kuwa akwai kurame da suka daɗe suna aikin akawu a ofisoshin birnin Washington, suna kuma yin aikinsu yadda ya kamata. Shekara 84 bayan haka, watau a 1990, wani ɗan Majalisar Dattawan ƙasar ya miƙe a zauren majalisa ya yi wani sashe na jawabinsa da maganar hannu, domin wansa kurma ya fahimta, a ranar da aka zartar da dokar da ta haramta hana mutum aiki saboda naƙasa.

Wannan lacca za ta bi abin da ya auku tsakanin waɗannan shekaru biyu da kuma bayansu. Abin da tarihin ya nuna shi ne, kurma bai taɓa kasa aiki ba. Sau biyu masana'antun Amurka suka neme shi ido rufe sa'ad da suka matsu, sau biyu kuma suka sallame shi da matsuwar ta wuce. Abin da ya tsare masa hanya shi ne yadda aka tsara wurin aikin, watau tarho da ƙararrawa da taron da ake yi da baki kawai. An zaɓi Amurka ne domin a can aka fi daɗewa ana wannan ja-in-ja a gaban majalisa da kotu, daga can kuma ra'ayin gyara wa ma'aikaci wurin aikinsa ya shiga yarjejeniyar duniya wadda Nijeriya ta amince da ita.

Ya kamata tun da farko a rarrabe mutanen da ake magana a kansu. Akwai wanda aka haifa ba ya ji, ko ya rasa ji tun yana ƙarami, wanda sau da yawa maganar hannu ita ce harshensa. Akwai wanda ya rasa ji bayan ya girma, yana magana sarai amma ba ya jin amsa. Akwai kuma mai nauyin kunne, wanda yake ji kaɗan. Buƙatunsu a wurin aiki sun bambanta, amma tarihinsu ya haɗu.

Makaranta Da Sana'a

An buɗe makarantar kurame ta farko mai ɗorewa a Amurka a garin Hartford cikin 1817. Waɗanda suka kafa ta su ne Thomas Hopkins Gallaudet da wani malami kurma Bafaranshe mai suna Laurent Clerc. A 1864 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a takardar da ta ba wata kwalejin kurame ta Washington ikon ba da digiri, ita ce Jami'ar Gallaudet ta yanzu. A waɗannan makarantu da maganar hannu ake koyarwa, kurame da yawa kuma suka zama malamai a cikinsu.

Sai kuma aka yi babban taron malaman kurame na ƙasashe a birnin Milan na Italiya cikin 1880. Mahalarta taron, waɗanda kusan dukkansu masu ji ne, suka yanke shawara cewa a fifita koya wa yara furuci da karanta motsin leɓe a kan maganar hannu. Wannan shawara ta fara cin aikin kurame tun daga aji, domin wanda ba ya ji ba zai iya gyara wa yaro furuci ba. A wajen 1870 kimanin kashi 40 cikin 100 na malaman makarantun kurame a Amurka kurame ne. Kafin 1917 sun koma ƙasa da kashi 15. Sai a 2010, a taron da aka yi a Vancouver ta Kanada, magadan wancan taro suka fito fili suka yi watsi da shawarar Milan.

Abin da ya rage wa ɗaliban shi ne sana'ar hannu. Ana koya wa maza dukanci da kafinta da gashin burodi da ɗab'i, mata kuwa ɗinki da aikin gida. A cikin waɗannan, ɗab'i ne ya fi ɗaukaka su. Da aka fara aiki da injin Linotype a 1886, wanda yake zuba haruffa layi layi da narkakkiyar dalma, sai ɗakunan ɗab'in jaridu suka cika da ƙara mai hana mutum jin na kusa da shi. Kurma bai damu da wannan ƙara ba, yana kuma iya magana da abokin aikinsa daga wannan bango zuwa wancan da hannu. Saboda haka kurame suka yawaita a maɗaba'ar gwamnati da manyan jaridu, suka shiga ƙungiyar ƙwadago ta maɗaba'a, suka sami albashi daidai da na kowa. Haka aka ci gaba har kwamfuta ta kore injin dalma a shekarun 1970 da 1980.

Jarrabawa Da Inshora Da Diyya

Ƙa'idar 1906 ta tarar da kurame suna da ƙungiya, domin tun 1880 suka kafa Ƙungiyar Kurame ta Ƙasa a birnin Cincinnati. Shugabanta na lokacin, George Veditz, ya jagoranci rubuce-rubuce a jaridun kurame da aika wasiƙu ga 'yan majalisa. Wani kurma mai zanen gine-gine, Olof Hanson, ya rubuta wa Shugaba Theodore Roosevelt takarda yana neman a bar kurame su gwada kansu a jarrabawa kamar kowa. A ƙarshen 1908 Roosevelt ya ba da umarni a yarda su zauna jarrabawar duk aikin da Hukumar ta ga za su iya. Nasara ce, amma guntuwa, domin har ila yau jami'i ne yake yanke abin da kurma zai iya tun kafin ya gan shi.

Kamfanonin inshora su ma suka riƙa ƙin karɓar kurame, ko kuwa su ɗora musu kuɗi mai yawa, bisa zaton sun fi kowa faɗa wa haɗari. Don haka ne kurame suka kafa tasu ƙungiyar inshora a 1901. Daga 1911 kuma jihohin Amurka suka fara yin dokokin biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki. Dokokin nan alheri ne ga ma'aikata, amma sun zo wa kurame da cikas. Da masu masana'antu suka ga diyya ta hau kansu, sai suka sa likitoci su riƙa duba masu neman aiki a bakin ƙofa, suna mayar da duk wanda suke tsoron zai jawo musu asara. A 1913 Jihar Minnesota ta yi dokar kafa wani sashe a ma'aikatar ƙwadago musamman domin nema wa kurame aiki da lallashin masu kamfanoni. Lallashi dai shi ne iyakar makamin da ke akwai a wancan zamani.

Akron: Ƙofar Da Yaƙi Ya Buɗe

Akron gari ne a Jihar Ohio wanda ya shahara da masana'antun tayar mota. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, buƙatar taya ta ƙaru, samari masu ji kuma aka kwashe su zuwa soja. Soja ba ya ɗaukar kurma. Sai kamfanonin Goodyear da Firestone suka shiga neman kurame daga ko'ina cikin ƙasar, ɗaruruwa suka zo. Abin lura a nan shi ne, duk uzurin da aka saba kawowa ya ɓace cikin ɗan lokaci. Aka samo masu iya maganar hannu suna bayyana umarni, aka horar da kurame a sassan masana'anta daban-daban, har suka kafa ƙungiyar wasan ƙwallo tasu wadda ta yi suna a jihar. Babu dokar da ta tilasta wa kamfanonin yin haka. Riba ce ta sa su.

A 1920 kasuwa ta faɗi, aka rage ma'aikata, akasarin kuramen suka watse. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, aka sake kiran su, wannan karo har da mata, suna haɗa sassan jiragen sama da sauran kayan yaƙi a Akron da wasu garuruwa. Da aka gama yaƙin a 1945, sojoji suka komo, aka sake sallamar da yawa daga cikinsu.

Darasin Akron kashi biyu ne. Na farko, an tabbatar a aikace cewa gyaran da kurma yake buƙata a masana'anta ƙanƙane ne, kuma kamfani yana iya yin sa in ya so. Na biyu, abin da aka bayar don matsuwa ana iya karɓe shi ranar da matsuwa ta kau. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, amma a nan kwaɗayin riba ne ya zama mabuɗin ƙofa, kuma mabuɗin yana hannun mai kamfani.

Tarho

Babu na'urar da ta tauye kurame a wurin aiki kamar tarho. Abin mamaki, wanda ya ƙirƙiro shi a 1876, Alexander Graham Bell, malamin kurame ne, mahaifiyarsa da matarsa kuma duk ba sa ji. Da tarho ya shiga kowane ofis, sai ya zama ma'aunin ƙarin girma. Kurma yana iya fin kowa ƙwarewa a teburinsa ko a gaban injinsa, amma ba za a ba shi shugabancin sashe ba, domin shugaba dole ya amsa waya. Ta haka mutane da yawa suka yi shekara talatin a mataki guda, suna koya wa sababbin zuwa aiki, su kuwa suna wuce su.

Maganin wannan daga wurin kurame ya fito. A 1964 wani kurma masanin kimiyya, Robert Weitbrecht, ya ƙera wata na'ura wadda take haɗa injin buga saƙo da layin tarho, ta yadda abin da aka buga a nan zai fito a rubuce a can. Abokansa biyu, James Marsters, likitan haƙori, da Andrew Saks, injiniya, su ma kurame, suka taimaka wajen yaɗa ta. Aka riƙa tattara tsofaffin injunan da kamfanonin waya suka daina aiki da su ana gyarawa. Sai dai mai irin wannan inji ba ya iya kiran kowa sai mai irinsa, ofisoshi kuwa ba su da shi.

A wannan zamani ne kuma aka fara ba maganar hannu matsayinta. A 1960 William Stokoe, malami a Gallaudet, ya nuna cewa maganar hannun kuramen Amurka cikakken harshe ce mai nahawunta. A 1964 aka kafa rajistar tafintocin kurame, aikin tafinta ya tashi daga taimakon da ɗa ko maƙwabci yake yi ya zama sana'a mai ƙa'ida da amana.

Kurumtar Da Aiki Yake Haddasawa

Akwai wani ɓangare na tarihin da bai kamata a tsallake ba, shi ne na mutumin da ya shiga aiki da kunnensa lafiya, aikin ya cinye shi. Tun farkon ƙarni na 18 wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya rubuta cewa maƙeran tagulla suna kurumcewa saboda bugun guduma. A 1886 Thomas Barr, likitan kunne a Glasgow, ya duba ma'aikata 100 masu ƙera tukunyar tururi, ya tarar da wuya a sami mai cikakken ji a cikinsu. Dalili kuwa shi ne, a can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi waɗanda suke mayar da girgizar sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana kashe su sannu a hankali, kuma ba sa sake tsirowa. Siririn sauti ake fara rasawa, shi ya sa mutum yakan ce yana jin murya amma ba ya rarrabe kalmomi.

An daɗe ana ɗaukar wannan a matsayin ƙaddarar sana'a. Sai a 1948 babbar kotun Jihar New York ta yanke cewa wani maƙerin masana'anta, Matthew Slawinski, ya cancanci diyyar jin da ya rasa, ko da yake bai daina aiki ba kuma albashinsa bai ragu ba. Bayan dokar kiyaye lafiyar ma'aikata ta 1970, aka ƙayyade ƙarar da ma'aikaci zai zauna cikinta na awa 8 a kan desibel 90. A 1983 kuma aka wajabta wa masu masana'antu auna jin ma'aikata kowace shekara da ba su abin toshe kunne da zarar ƙara ta kai desibel 85. Wannan ya nuna cewa batun kurma a wurin aiki bai tsaya ga wasu tsiraru da aka haifa haka ba. Kowane ma'aikaci yana iya wayar gari a cikinsa.

Daga Alfarma Zuwa Haƙƙi

Juyin ya faro ne da dokar 1973, wadda Shugaba Richard Nixon ya sa wa hannu bayan ya ƙi amincewa da irinta har sau biyu. Sashe na 504 na dokar, wanda bai wuce 'yan layuka ba, ya hana duk wata ma'aikata mai karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci ga naƙasasshe. Amma aka shekara kusan huɗu ba a fitar da ƙa'idojin zartar da shi ba. A ranar 5 ga Afrilu 1977 naƙasassu suka mamaye ofisoshin ma'aikatar lafiya da ilmi a birane da dama. Shugaban haɗaɗɗiyar ƙungiyar da ta kira zanga-zangar, Frank Bowe, kurma ne. A San Francisco suka zauna cikin ginin kusan mako huɗu. Da aka yanke musu tarho, sai kurame suka riƙa isar da saƙo ta taga da maganar hannu ga na waje. A ranar 28 ga Afrilu sakataren ma'aikatar, Joseph Califano, ya sa hannu. A cikin ƙa'idojin nan aka wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa naƙasasshe gyara daidai gwargwado domin ya iya aikinsa.

Shari'ar farko da ta kai Kotun Ƙoli a kan wannan sashe ta wata mai nauyin kunne ce, Frances Davis, wadda ta nemi shiga karatun aikin jinya a wata kwaleji ta Jihar North Carolina aka hana ta. A 1979 alƙalan gaba ɗaya suka goyi bayan kwalejin, suka ce dokar ba ta tilasta sauya ginshiƙin karatun ba. Hukuncin ya yi wa kurame zafi, amma ya fito da tambayar da har yau ita ce cibiyar al'amarin: a cikin kowane aiki, mene ne ginshiƙi, mene ne kuma al'ada kawai?

A watan Maris na 1988 hukumar Jami'ar Gallaudet ta naɗa mai ji, Elisabeth Zinser, shugabar jami'ar, ta bar kurame biyu da suka kai zagayen ƙarshe. Shekara 124 ke nan jami'ar kurame ba ta taɓa samun shugaba kurma ba. Ɗalibai suka rufe ƙofofi, suka yi tattaki zuwa majalisa. Cikin mako guda Zinser ta sauka, aka naɗa I. King Jordan. Wannan tarzoma a kan ƙarin girma aka yi ta, kuma ƙasar duka ta gani a talabijin.

Shekara biyu bayan haka, a ranar 26 ga Yuli 1990, Shugaba George Bush babba ya sa hannu a Dokar Naƙasassun Amurka. Jagoranta a Majalisar Dattawa shi ne Tom Harkin na Jihar Iowa, wanda aka ambata a farko. Ya sha ba da labarin wansa Frank, wanda aka ce masa a makarantar kurame ya zaɓi ɗaya cikin sana'o'i uku, ya ƙare a gidan burodi ba da son ransa ba, sai daga baya ya sami aiki a masana'antar sassan injin jirgin sama, ya yi fiye da shekara ashirin a can.

Dokar ta shafi duk mai ma'aikata 15 ko fiye. Ta ce a duba ko mai neman aiki zai iya ginshiƙan aikin, da gyara ko ba da gyara ba. Ta hana tambayar mutum naƙasarsa ko tura shi wurin likita kafin a yi masa tayin aikin. Ta mai da ƙin yin gyara daidai gwargwado laifin nuna bambanci, sai fa idan mai aikin ya nuna cewa gyaran zai ɗora masa wahala mai tsanani. Ga kurma, gyaran yakan zama tafinta a ganawar ɗaukar aiki da taro da horo, ko rubuta umarni, ko fitila mai walƙiya a gefen ƙararrawar gobara, ko wurin zama inda zai ga fuskar mai magana, ko kuma a ɗauke masa amsa waya a musanya masa da wani aiki. Dokar ta kuma wajabta wa kamfanonin waya su samar da ma'aikatan tsakani, masu karanta wa mai ji abin da kurma ya buga, su buga wa kurma abin da mai ji ya faɗa. Aka fara wannan a duk ƙasar cikin 1993. Shekara 117 ke nan bayan ƙirƙiro tarho.

Doka A Aikace

Rubuta doka daban, rayar da ita daban. A 1999 Kotun Ƙoli ta yanke cewa in za a tantance ko mutum naƙasasshe ne, sai a dube shi tare da abin da yake amfani da shi don rage naƙasar. Ma'anar wannan ga mai sa na'urar ƙara ji ita ce, ana iya hana shi aiki saboda kunnensa, in ya kai ƙara kuma a ce masa shi ba naƙasasshe ba ne. Sai da majalisa ta yi wa dokar gyara a 2008, ta ambaci na'urar ƙara ji da wadda ake dasawa cikin kunne a fili, ta ce kada a lissafa su.

A 1999 ɗin kuma kurame ma'aikatan kamfanin jigilar kaya na UPS suka kai ƙara, suna cewa ba a kawo musu tafinta a horon kiyaye haɗari, ba a kuma ƙara musu girma. A 2003 aka sasanta a kan dala miliyan 10 tare da alkawarin gyara. Batun tuƙi ya ci gaba, domin gwamnati tana da ƙa'idar cewa direban babbar mota sai ya iya jin raɗa daga nisan ƙafa 5, kamfanin kuwa ya shimfiɗa ƙa'idar har kan ƙananan motoci. A 2007 kotun ɗaukaka ƙara ta ce wajibi ne kamfani ya nuna cewa irin wannan sharaɗi yana da nasaba da aikin kuma ya zama dole. A 2013 gwamnatin da kanta ta fara ɗage ƙa'idar ga direbobi kurame 40 masu kyakkyawan tarihin tuƙi. Duk da haka rata ba ta rufe ba: a 2017 kimanin kashi 53 cikin 100 na kurame masu shekarun aiki a Amurka ne suke da aiki, na masu ji kuwa kimanin kashi 76.

Inda Tarihin Ya Haɗu Da Nijeriya

Hanyoyi biyu ne suka haɗa wannan tarihi da Nijeriya. Ta farko ta mutum ce. Andrew Foster baƙar fata ne ɗan Jihar Alabama, wanda sanƙarau ya kurumtar yana ɗan shekara 11. A 1954 ya zama baƙar fata na farko da ya sami digiri a Gallaudet. Ya buɗe makarantar kurame a Accra cikin 1957, wata kuma a Ibadan cikin 1960, kuma kafin ya rasu a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987 ya kafa makarantu fiye da 30 a Afirka. Ta hannunsa da na almajiransa maganar hannun Amurka ta shiga makarantun kurame na Nijeriya.

Amma ba a kan fili ta sauka ba. A ƙasar Hausa akwai maganar hannu ta gargajiya wadda kurame da danginsu da abokan cinikinsu suke amfani da ita a gida da kasuwa, wadda Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano ta wallafa littafi a kanta a 2000. Akwai kuma sarautar Sarkin Bebaye a Kano, kamar yadda ake da Sarkin Makafi. Kurma yana noma, yana ɗinki, yana wanki da guga, yana kafinta, ba wanda ya nemi takardar likita daga gare shi. Cikas ya fi bayyana ne a aikin albashi, inda ake shiga ta takardar shaida da ganawar baka, ake kuma hawa ta taro da waya. Makarantar Tudun Maliki a Kano da Kwalejin Ilmi ta Musamman da ke Oyo, waɗanda aka buɗe a 1977, sun yaye mutane masu neman irin wannan aiki. Yawansu kuwa ba kaɗan ba ne a yankin da sanƙarau da ƙyanda suka daɗe suna barin yara ba ji. Annobar sanƙarau ta 1996 kaɗai ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, akasari a Arewa.

Hanya ta biyu ta doka ce. A ranar 13 ga Disamba 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da Yarjejeniyar Haƙƙin Naƙasassu, wadda ta ɗauki ra'ayin gyara daidai gwargwado, ta ce hana shi nuna bambanci ne, ta kuma keɓe sashe na 27 ga batun aiki. Nijeriya ta tabbatar da ita a 2010. A shekarar ce kuma aka yi Dokar Diyyar Ma'aikata, wadda ta tanadi diyya ga wanda ƙarar wurin aiki ta lalata wa ji. A watan Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Haramta Nuna Bambanci Ga Naƙasassu. Ta tanadi tarar naira 1,000,000 ga kamfani, da naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum, ta nemi ma'aikatun gwamnati su ba naƙasassu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta kuma kafa hukumar ƙasa wadda ta fara aiki a 2020.

Kammalawa

Tarihin Amurka ya nuna matakai uku. Da farko jami'i ne yake yanke abin da kurma zai iya, kamar a 1906 da 1908. Daga nan buƙatar kamfani ce take buɗe ƙofa tana rufewa, kamar a Akron. A ƙarshe aka mai da abin haƙƙi, aka ɗora wa mai ɗaukar aiki nauyin kawo hujja in zai hana. Kowane mataki kurame ne da kansu suka tura shi, da wasiƙa da ƙirƙira da zaman dirshan da shari'a, kuma ko bayan an ci nasara sai da aka koma kotu da majalisa.

Nijeriya ta sami dokar mataki na uku, amma ana iya riƙe doka ta uku a ci gaba da halin na farko. Cika kashi 5 cikin 100 ba zai wadatar ba idan wanda aka ɗauka zai zauna a taro ba tafinta, ko a ba shi tebur ba a ba shi fayil ba, ko a tsallake shi ranar ƙarin girma domin jarrabawar ta baka ce. Haka nan ma'aikacin da jinsa ya fara raguwa bayan shekaru a gaban injin saƙa ko injin niƙa, ko kuwa don tsufa, yakan ɓoye abin don tsoron ritaya, alhali gyaran da yake buƙata bai wuce rubutaccen umarni da kujera a gaba ba. Yanzu da saƙon waya da kiran bidiyo suka rage ikon tarho, uzurin da ya rage wa ofisoshi kaɗan ne. Waɗanda za su yanke yadda abin zai kasance su ne sakataren da yake tsara ganawar ɗaukar aiki, da jami'in da yake rubuta kasafin ma'aikata ya sa kuɗin tafinta ko ya bar shi, da ɗalibin da zai gaje su gobe. Tambayar da shari'ar 1979 ta bari tana gaban kowannensu a duk lokacin da takardar kurma ta iso teburinsa: shin jin kunne ginshiƙin wannan aiki ne, ko kuwa dai haka aka saba yi?